Yadda ake numfashi idan an diro daga jirgin sama, kafin laima ta buɗe

Ƙanena mai sayar da waya a Farm Centre ne ya tare ni da maganar bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida. Zai shiga Dubai sayo kaya, kuma ya ƙudurta ba zai dawo ba sai ya diro daga jirgi da laima, irin yadda yake gani a bidiyo ana yi a saman tsibirin Palm Jumeirah. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Yaya, wai da gaske ne idan mutum ya fito daga jirgin iska ce take toshe masa numfashi? Wani abokina ya ce shi har laimar ta buɗe bai shaƙi komai ba."

Na ce masa abokin nasa bai yi ƙarya ba, sai dai bai gane abin da ya same shi ba. Ni ma a dirata ta farko haka na sauko, ƙirji a cike, baki a wangale, ina neman iska alhali iskar ce take marin fuskata. Sai da muka taka ƙasa malamin da ya goyo ni ya ce mini tun daga bakin ƙofar jirgi na ja numfashi ɗaya na riƙe shi, ban sake shi ba. Tulun da ke cike ai ba ya karɓar ruwa. Abin da na gaya wa ƙanen nawa a daren nan shi ne na tsara a nan, saboda duk wanda ke da irin wannan niyya.

Abin da ke faruwa a can sama

Mai fara wannan wasa yawanci da dirar goyo yake farawa, wadda masu abin suke kira tandam. Ana ɗaure ka da malami, kai a gaba shi a bayanka, laimar tana jikinsa. Ana fita daga jirgi a tsayin ƙafa 13,000 ko kusa da haka, wato kimanin mita 4,000. Daƙiƙa 10 zuwa 12 na farko gudunku ƙaruwa yake, daga nan ya tsaya a wajen kilomita 200 a awa ɗaya. Malami zai buɗe laima a wajen ƙafa 5,000. Duka faɗowar sakaka ɗin, daga ƙofa zuwa buɗewar laima, ba ta cika wuce daƙiƙa 50 zuwa 60 ba. Mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Ke nan duk abin da muke magana a kansa bai fi numfashi goma sha wani abu ba.

Iska kuwa akwai ta. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska a ƙofar gidanku, haka kuma yake a mita 4,000. Abin da ya ragu shi ne matsin iskar, wanda a wannan tsayi ya koma kusan kashi 60 cikin 100 na wanda ke bakin teku. Mai lafiya yana jure wannan na 'yan mintuna ba tare da komai ba, kuma kowace daƙiƙa ta faɗowa ƙara kusantar da kai take ga iska mai kauri. A dokar Amurka sai an haura ƙafa 15,000 ake wajabta tanadar wa fasinja oksijin a cikin jirgi.

To me yake ɗauke numfashin? Abu uku ne suke haɗuwa lokaci guda. Akwai tsoro, wanda ke sa mutum ya ja iska ya ƙanƙame ƙirji, kamar wanda ya ga mota ta yo kansa. Akwai sanyi, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ka ga a mita 4,000 an rage kusan digiri 26 daga abin da ka baro a ƙasa. Duk wanda ya taɓa kwara wa kansa ruwan randa da asubar hunturu a Kano ya san yadda numfashi ke sarƙewa ba da izininsa ba. Na uku shi ne bugun iskar a fuska. Jijiyoyin fuska idan suka ji sanyi da bugu lokaci guda sai jiki ya ɗauka cikin ruwa aka faɗa, ya rufe hanyar iska da kansa. Shi ya sa idan aka hura wa jariri iska a fuska yake ɗauke numfashi na ɗan lokaci. Duka ukun maganinsu ɗaya ne, fitar da iskar da ke ciki. Shigarwa ba sai ka yi mata wahala ba, jiki zai yi da kansa.

Akwai masu cewa wai a sama fatar mutum ce take shaƙar iska, don haka ba a buƙatar numfashi. Zolayar sababbin shiga ce, kada ka ɗauka.

Mataki na farko yana nan Kano, kafin ka yanki tikiti

Tunda wasan ba a garinmu ake yin sa ba, sai an je Dubai, ko Afirka ta Kudu, ko Turai, mutane sukan bar maganar lafiya sai sun isa can an miƙo musu takardar sa hannu. A lokacin kuwa an riga an kashe kuɗi, zuciya tana raya wa mutum ya ɓoye ciwonsa. Gara ka je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko wurin likitan da ka saba, ka faɗa masa dalla-dalla: ƙaramin jirgi ne marar matsin iska, za a hau mita 4,000, za a yi minti 15 zuwa 20 ana hawa.

Wannan bayani yana da muhimmanci domin da yawa za su ce ai sun hau jirgin Makka ba abin da ya same su. Babban jirgin fasinja, ko ya kai ƙololuwa, ana daidaita matsin iskar cikinsa ya yi daidai da na tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Jirgin masu dira, irin su Twin Otter da Cessna Caravan, ba shi da wannan. Iskar waje ita ce ta ciki.

Abin da na fi so a kula da shi, wanda malaman dira Turawa ba lallai ya zo musu a rai ba, shi ne sikila. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar halittarta. Ƙarancin oksijin da sanyi suna cikin abubuwan da ke tayar wa mai SS ciwo, don haka a ra'ayina mai SS ko SC ya haƙura da wannan wasa baki ɗaya. Mai AS ma, wanda a ƙasa lafiyarsa ƙalau, likitoci sun san cewa a wuri mai tsayi sosai jini kan toshe wa wasunsu a saifa, abin ya zo da matsanancin ciwo a gefen ciki na hagu. Ba kowa yake samu ba, amma hukuncin na likita ne, ba na abokin da ya je ya dawo lafiya ba. In ba ka san ko kai AA ne, AS ko SS ba, gwajin nan da ake yi kafin aure shi ne.

Mai asma ya sani cewa busasshiyar iska mai sanyi tana tsuke hanyoyin huhu, kuma wannan toshewa ce ta gaske, ihu ba ya buɗe ta. Ya nemi izinin likita, ya gaya wa malamin dira, ya tambayi inda za a ajiye masa abin shaƙarsa. Mai hawan jini da ba a shawo kansa ba, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, duk ba su da hurumin yanke wa kansu shawara. Haka wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ko wanda ya ba da jini kwanan nan. Jinin da ya yi ƙasa ba ya ɗaukar oksijin yadda ya kamata, a auna PCV, wato gwajin yawan jini, tukuna.

Mataki na biyu: atisaye a kan tabarma

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati biyu kafin tafiyar ka ware minti goma kullum, bayan asuba ko kafin kwanciya.

Fara da kwanciya rigingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, ka tabbata hannun da ke ciki ne yake ɗagawa, na ƙirji yana nan a wurinsa. Sai ka fitar ta baki, leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko, kana ƙirga 6 ko 8. Fitarwar ta fi shigarwar tsawo, domin doguwar fitarwa ce take sassauta bugun zuciya. Yi sau goma. Kwana uku na farko wannan kaɗai ya isa.

Daga nan ka juya rub da ciki, ka yi irin kwanciyar da ake yi a iska. Ƙugu manne da ƙasa, kai a ɗage, haɓa sama, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe an ɗaga su daga tabarma, hannaye a buɗe daidai kunnuwa. Jikinka ya gantsare kamar baka. Za ka lura nan take cewa numfashi a haka ya fi wuya, saboda ciki a miƙe yake kuma bayanka yana aiki. Yawancin mutane da sun gantsare sai su riƙe numfashi ba su sani ba, irin na mai ɗaga buhun masara. Wannan ɗabi'ar ce kake son karyawa tun a ɗaki. Sa agogon wayarka daƙiƙa 20, ka gantsare kana numfashi da ƙarfi yadda na kusa da kai zai ji. Kullum ka ƙara, har ka kai daƙiƙa 60. Ka sa wani ya tsaya a kanka, duk lokacin da ya ji ka yi shiru ya taɓa kafaɗarka.

Idan ka saba, kunna fanka a lamba ta ƙarshe ka sa fuska a gabanta ka maimaita. Iskar fanka ba ta kama ƙafar ta sama ba, amma tana koya maka buɗe ido da yin numfashi alhali wani abu yana bugun fuskarka. Da safe wajen wanka kuma, in lafiyar zuciyarka ƙalau, ka watsa ruwan sanyi a fuska ka furzar da iska a daidai lokacin da ruwan ya taɓa ka. Kada ka ce za ka leƙo da kai ta tagar mota a titin Zariya don gwaji. Na ji masu ba da wannan shawara, kuma ta fi dirar kanta haɗari.

Wanda ke da hali, in ya isa can, ya fara da ɗakin iska, inda manyan fankoki ke huro iska daga ƙasa mutum ya yi shawagi a cikin gilashi. Akwai iFLY a City Centre Mirdif a Dubai, akwai CLYMB a tsibirin Yas na Abu Dhabi. Minti biyu a ciki za su nuna maka cewa ana numfashi lafiya lau a cikin irin wannan iska, ba tare da tsoron tsayi ya shiga tsakani ba.

Jajibiri da safiyar ranar

Ka yi barci sosai. Ka nisanci shisha da sigari, kuma dalilin ba wa'azi ba ne. Hayaƙin gawayi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda take kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita daga jiki. Wanda ya kwana a gidan shisha ya rage wa jininsa wurin ɗaukar oksijin tun bai hau jirgi ba.

Da safe ka ci abu marar nauyi, shayi da burodi ko kunu da ɗan ƙosai, ka sha ruwa. Zuwa da yunwa yana jawo jiri, cika ciki da tuwo kuma yana jawo amai a ƙarƙashin laima. Saboda haka ban ba da shawarar yin dirar farko da azumi a baki ba, a bari sai bayan salla. Goro da gahawa da lemukan ƙara kuzari a rage su, zuciya za ta yi gudunta ko ba su.

In ka tashi da mura, ka ɗage. Mu da muke tasowa daga ƙurar hunturu sau da yawa da toshewar hanci muke sauka a can. Ban da cewa hancin ne kake so ka yi numfashi da shi, saukowar mita 2,500 cikin minti guda tana matsa dodon kunne da kogunan fuska, kuma in hanyoyin a toshe suke ciwon ba kaɗan ba ne, har dodon kunne kan fashe. Shan Piriton don a ɓoye murar ƙara lalata abin yake, domin yana sa gyangyaɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuma ya yi nutso da tulun iska a teku ya jira awa 24 kafin ya hau.

Tufafi: wando da riga masu kama jiki, takalmi mai igiya. Mace mai lulluɓi ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ta cusa ƙasansa cikin rigar dira, ba fil ba allura. Mayafi sakakke iska za ta naɗe shi a fuska, ya rufe hanci da baki. Cingam a tofar da shi tun a ƙasa.

Ɗamara da zaman jirgi

Lokacin da malami yake ɗaura maka ɗamara, kada kunya ta hana ka magana. Igiyoyin cinya dole su kama sosai. Ta ƙirji kuwa aikinta hana na kafaɗa zamewa, ba matse haƙarƙari ba. Bayan ya gama, ja numfashi har ƙarshe. In ka ji igiyar ta tare ka, ka faɗa masa ya duba. Kai dai kada ka taɓa kowane maɗauri da hannunka. Tabarau ɗin kariya ya zauna daram, domin in iska ta shiga ta ƙasansa idanu suka cika da hawaye, ruɗewa take ƙaruwa.

A cikin jirgi ne yawancin mutane suke ɓata numfashinsu, tun ba a buɗe ƙofa ba. Ana zaune a cunkushe, inji yana ƙara, ƙasa tana nisa, sai mutum ya fara haki sama-sama bai sani ba. Hakin nan yana fitar da kabon dayoksaid daga jini fiye da kima. Alamarsa ita ce jin kamar kiyashi na yawo a leɓɓa da yatsu, juwa, wani lokaci har yatsun su ƙage. Mai wannan hali ji yake iska ba ta ishe shi ba, sai ya ƙara hakin, abin ya ƙara ta'azzara. Koma kan ƙirgenka na tabarma, 4 ciki, 6 ko 8 waje. Wanda ya saba da tasbihi ya ɗora shi a kan fitarwar, a hankali, zai ga ya fi ƙirge sauƙin riƙewa.

Ƙarancin oksijin na gaske yana iya kama da wannan, amma yakan zo da nauyin tunani, dariya ba dalili, gani ya tsuke, leɓɓa ko farce su sauya launi. Ba aikinka ba ne ka bambance su. In ka ji wani abu ba daidai ba, ka gaya wa malami. Saukowa a cikin jirgi ba abin kunya ba ne, ana yi.

Bakin ƙofa, da daƙiƙa goma na farko

Da an zuge ƙofa sanyi da ƙara za su shigo tare. Za ku matsa baki, ƙafafunka a waje ko a lanƙwashe ƙarƙashin jirgi, hannayenka riƙe da ɗamararka a ƙirji, kanka a jingine da kafaɗar malami. A nan ne kowa yake kuskuren da na yi, ya ja wawan numfashi ya riƙe. Kai ka yi akasin haka. Ja matsakaici ta hanci, kuma da ka ji malami ya tura ku waje, ka saki ihu.

Ihun ba wasa ba ne, shi ne dabarar da malamai suka fi koyarwa, domin ba a ihu sai da fitar da iska, kuma huhun da ya zazzage dole ya sake cika. Ka zaɓi kalmarka tun a ƙasa, mai dogon wasali a ƙarshe. Na gaya wa ƙanena "wayyo" ta fi kowace dacewa, a ja ta har iska ta ƙare. Ya ce shi da girmansa ba zai yi wayyo a bidiyo ba. Na ce masa a cikin wannan ƙara ko malamin da ke manne da bayansa ba zai ji ba, bakin kawai za a gani a buɗe, ya ce wa mutane takbir ya yi.

Ba za ka ji cikinka ya yi sama ba kamar a lilon idi, domin jirgin da ka baro yana gudu, tun farko a kan iska kake. Da fari iskar daga gaba take zuwa, sannan a hankali ta koma tana zuwa daga ƙasa. Malami zai jefa wata ƙaramar laima da ke rage muku gudu, za ka ji ɗan fizga, ba ita ce babbar ba. Idan ya taɓa kafaɗarka sai ka buɗe hannaye.

Yanzu ka kula da kanka, wato inda ka sa shi. In ka sunkuya kana kallon ƙasa, iska mai gudun kilomita 200 tana shiga baki da hanci kai tsaye, kumatu su cika, ka ji kamar ana ɗura maka. Ɗaga haɓa ka kalli can inda sama ta haɗu da ƙasa, iskar sai ta bugi ƙasan haɓa da wuya ta zarce. Baki kuma kada a wangale shi bayan ihun farko. Ko dai ka rufe ka yi ta hanci, ko ka haɗe haƙora ka yi murmushi, iska ta shiga ta tsakaninsu. Ni na fi son shaƙa ta hanci, furzarwa ta baki da ƙarfi. A nan ba a bin ƙirgen 4 da 8, lokaci bai kai ba. Furzar, bari ta shiga, furzar.

In duk da haka ya maƙale

Kada ka yi kokawar jawo iska, ita ce ke ƙara ƙulle maƙogwaro. Matse ciki ka yi tari ko ka sake wani ihun. Juya fuska kaɗan gefe ɗaya, kamar mai kallon hannunsa, hanci ya kauce daga tsakiyar iskar. Saki kafaɗu da yatsu, domin wanda ya dunƙule hannu yawanci ya dunƙule ƙirji. Kada ka kai hannu baya ka kamo malami ko wani abu a jikinsa, hannayensa da maɗauran laima aikinsu daban. Ka tuna kuma cewa daga inda ka lura da matsalar, abin da ya rage bai fi daƙiƙa 30 ko 40 ba, kuma kana da wannan a huhunka ko da ba ka ƙara ko ɗaya ba.

Bayan laima ta buɗe

Za ka ji an fizgo ka an tsayar, ƙarar ta ɗauke, har kuna iya hira. Saura minti 4 zuwa 6 a taka ƙasa. Fitar da dogon numfashi sau uku. Kunnuwa za su toshe, haɗiyi yawu, ko ka yi hamma, ko ka toshe hanci ka hura a hankali.

Abin mamaki, masu suma sun fi yi a nan, ba a faɗowar ba. Nauyinka duka yana kan igiyoyin cinya, jini yana taruwa a ƙafafu, ga tashin hankalin da ya fara sauka. Malami yakan sassauta wasu maɗaurai ya nuna maka yadda za ka ɗaga gwiwa ka tura igiyar ƙarƙashin cinya, ka zauna kamar a kujera. Riƙa motsa ƙafafu. In ka ji juwa ko tashin zuciya ka faɗa da wuri, ka ce ya daina juyi da laimar, ka kafa ido a nesa. Yana buƙatar ka a farke lokacin sauka, domin kai za ka ɗaga ƙafafu sama.

Ga mai son koyon dira shi kaɗai

Wanda abin ya shiga ransa yakan wuce zuwa kwas ɗin AFF, inda yake ɗauke da laimarsa, malamai biyu suna riƙe da shi a dirorin farko. A tsarin ƙungiyar masu dira ta Amurka, USPA, sai an yi dira 25 ake samun lasisin farko. A nan riƙe numfashi ya wuce rashin jin daɗi. Ɗalibin da ya riƙe numfashi jikinsa sandarewa yake, sandararren jiki kuma rawa yake a iska ko ya fara juyawa, ƙwaƙwalwa ta manta da duba agogon tsayi da ke hannu.

Dabarar ita ce a ɗaura numfashin a jikin ayyukan da dole a yi su. A bakin ƙofa, kalmar ƙarshe ta ƙirgen fita a faɗe ta da ƙarfi. Duk duba agogon tsayi, a karanta lambar da baki, karantawar ita ce fitar da iska. Duk gwajin taɓa maɗaurin laima, furzarwa ɗaya. In malami ya karkaɗa maka hannu a sake, cewa yake ka saki jiki, amsar kuma ita ce doguwar fitarwa, ƙugu ya sauka da kansa. Ɗalibai da hular kwano mai buɗaɗɗiyar fuska ake fara su don malami ya ga idanunsu, mai rufe fuska sai an ƙware, don haka kada ka sa rai hula za ta raba ka da iskar. Kuma ko numfashi ya daidaita ko bai daidaita ba, idan tsayin da aka gindaya maka ya yi, buɗe laima ne a gaba da komai.

Ƙanen nawa ya je gwajin jini a satin, sakamako ya nuna AA. Yanzu kullum bayan asuba yana kan tabarma a gantsare a gaban fanka, autarmu tana tsaye a kansa da waya tana ƙirga masa. Shekaranjiya ya kai daƙiƙa 45, ta taɓa kafaɗarsa sau biyu.